Tarihin Kwandon Shara na Kwamfuta, da Dalilin da Ya Sa Wani Fayil Ke Ƙin Goguwa

Saura mako biyu in miƙa babi na huɗu na aikin bincikena, kwamfutata mai Windows 10 ta tsiro da wani hali. Duk sanda na jona faifan da nake ajiye sakamakon ɗakin gwaji, sai saƙo ya fito cewa kwandon sharar wannan faifai ya lalace, ko ina so a zubar da abin da ke ciki? In na ce a'a, bayan ɗan lokaci ya dawo. Ni kuma na ƙi danna e, don a cikin kwandon nan akwai wani jadawalin awo da na goge bisa kuskure, kuma ba ni da kwafinsa a ko'ina. Bayan wannan, ga wata folda mai suna aux da wani abokin aikina ya kwafo min daga kwamfutarsa mai Linux. Ta ƙi buɗuwa, ta ƙi sauya suna, ta ƙi goguwa.

Da na zauna neman bakin zaren, sai na tarar matsalolin nan biyu sun girme ni. Ɗaya ta samo asali a 1995, ɗayar kuma tun shekarun 1970. In mai karatu ya san tarihin, gyaran ba zai zama haddar umarnin da bai san ma'anarsa ba.

Lokacin da babu kwando

A zamanin MS-DOS, babbar manhajar da ta fito tare da kwamfutar IBM a 1981, babu wani kwandon shara. Ka rubuta DEL da sunan fayil, ka danna, shi ke nan. Sai dai abin da ke faruwa a cikin faifan ya bambanta da abin da ido ke gani.

Faifai yana da sashe biyu. Akwai inda ainihin bayanai ke kwance, akwai kuma rajistar da ke cewa fayil kaza sunansa kaza, ya fara daga wuri kaza, girmansa kaza. Idan aka ba da umarnin gogewa, DOS ba ya taɓa bayanan. Yana zuwa rajista ne ya cire harafin farko na sunan fayil ɗin ya sa wata lamba a madadinsa, E5 a lissafin kwamfuta, wato 229 a ƙirgenmu. Daga nan sai ya rubuta cewa wuraren da fayil ɗin ya mamaye yanzu fili ne, kowa na iya sauka. Kamar mai gidan haya ne ya soke sunan ɗan haya a littafinsa, alhali kayan mutumin na nan cikin ɗaki har ranar da sabon ɗan haya zai shigo.

Wani mai rubuta manhaja a Amurka, Peter Norton, ya gane cewa akwai kasuwa a wannan giɓi. A 1982 ya fitar da Norton Utilities, kuma abin da ya fi sayar da ita shi ne wata 'yar manhaja mai suna UnErase, wadda ke dawo da fayil ɗin da aka goge. Microsoft ba ta sa irin wannan a cikin DOS ba sai a 1991, da MS-DOS 5.0 ya zo da umarnin UNDELETE. Wanda ya yi amfani da shi zai tuna cewa yakan tambaye ka harafin farko na sunan fayil. Dalili kuwa shi ne harafin nan kaɗai aka shafe. Amma in an riga an rubuta sabon abu a wurin, to sai haƙuri.

A ɓangaren Unix, kakan Linux, abin ma ya fi tsanani. Umarnin rm ba ya tambaya, ba ya ajiye komai a gefe. A 1998, ana tsakiyar haɗa fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar, wani ya ba da wannan umarni a babbar foldar fim ɗin. Kafin a kashe na'urar, kusan kashi 90 cikin 100 na aikin ya tafi. Da aka koma ga kwafin ajiya, sai aka tarar shi ma ya daɗe ba ya aiki daidai. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciya, Galyn Susman, da ke aiki daga gida saboda ta haihu, tana da kwafin fim ɗin a kwamfutarta. Har yau rm haka yake.

Yadda kwando ya hau allo

Tunanin a mai da allon kwamfuta kamar teburin ofis, da takardu da folda, ya fito ne daga cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a shekarun 1970. Apple ta ɗauki tunanin. A Janairun 1983 ta fitar da kwamfutar Lisa a kan dala 9,995, kuma a allonta akwai ɗan hoton kwandon shara. Lisa ba ta yi kasuwa ba, amma Macintosh da ta biyo a Janairun 1984 ta gaji kwandon, da zanen da Susan Kare ta yi masa.

Kwandon farko na Macintosh ba wurin dogaro ba ne. Yakan zubar da kansa, misali in ka buɗe wata manhaja ko ka kashe kwamfuta. Sai a 1991, da System 7, ya zama yana riƙe kaya har sai kai ka ce a zubar. Akwai kuma wani abu da ya daɗe yana tsorata sababbin shiga: in kana son fitar da faifan fulofi, hotonsa za ka ja ka jefa cikin kwandon shara. Mutum ya ga aikinsa na wata guda a kan faifai, a ce ya jefa a shara, ai dole gabansa ya faɗi.

Sauran kamfanoni kowa ya ƙirƙiro nasa. Amiga ta 1985 tana da kwando. NeXT ta fara da hoton baƙin rami irin na sararin samaniya. OS/2 ta IBM ta sa injin yayyaga takarda. Har kotu maganar ta kai: a 1988 Apple ta maka Microsoft da Hewlett-Packard ƙara kan kwaikwayon fasalin allonta. An yi shekaru ana shari'a, kuma zuwa 1994 Apple ta sha kaye a kusan komai. Cikin 'yan abubuwan da kotu ta yarda hakkinta ne akwai hoton kwandon shara, wanda manhajar NewWave ta Hewlett-Packard ta yi amfani da irinsa.

Windows 3.1 ba ta da kwando. Ranar 24 ga Agustan 1995 ne Windows 95 ta fito da nata, da suna daban da zane daban: Recycle Bin, mai ɗauke da alamar kibiyoyin sake sarrafa shara. Shi ne wanda yawancinmu muka taso muka gani.

Mene ne a cikin kwandon?

Hoton da ke allo guda ɗaya ne, amma kwandon ba ɗaya ba ne. Kowane faifai yana da tasa ɓoyayyiyar folda, hoton nan yana tattaro abin da ke cikinsu ne ya nuna maka wuri guda. Jefa fayil a kwando kuma ba gogewa ba ce, sauya masa suna da mazauni ne kawai. Shi ya sa fayil mai girman gigabayit biyar ke shiga kwando cikin ƙiftawar ido, kuma filin faifanka bai ƙaru da komai ba.

A Windows 95 da 98 sunan foldar RECYCLED. Fayil ɗin da aka jefa yana samun sabon suna irin Dc1 ko Dc2, wato D na gogewa, c na harafin faifai, sai lamba. Ainihin sunansa, da inda ya fito, da ranar da aka goge shi, duk ana rubuta su a fayil guda ɗaya mai suna INFO, daga baya INFO2. Kun ga matsalar ke nan. In wannan fayil ɗaya tilo ya lalace, duk abin da ke kwandon ya rasa suna da adireshi. A Windows 2000 da XP, a faifai mai tsarin NTFS, sunan foldar RECYCLER, kuma kowane mai amfani da kwamfutar yana da tasa ƙaramar folda a ciki.

Da Windows Vista ta fito, wadda ta isa hannun jama'a a Janairun 2007, an sauya tsari, kuma shi ake bi har Windows 11. Foldar yanzu sunanta $Recycle.Bin. Duk fayil ɗin da ka jefa yana zama biyu: wanda sunansa ya fara da $R shi ne ainihin fayil ɗin, wanda ya fara da $I kuma 'yar takardar shaidarsa ce, mai ɗauke da tsohon suna, girma da lokacin gogewa. Sauran haruffa shida na sunan iri ɗaya ne a duka biyun, da haka ake haɗa su.

Daga nan za a gane yadda kwando ke lalacewa. In aka ɗauke wuta ko aka fizge faifai ana tsakiyar rubutu, ɗaya daga cikin tagwayen na iya rasa ɗan'uwansa. $R ɗin da ba shi da $I ba ya bayyana a kwando, amma yana nan yana cin fili. Abu na biyu shi ne izini. Ƙananan foldojin nan suna ɗauke da doguwar lambar shaidar mai amfani, wadda ke farawa da S-1-5-21. Faifan da ke yawo daga kwamfutar ɗakin gwaji zuwa ta shagon buga takardu zuwa ta gida yana tara foldojin mutane daban-daban, kuma in izinin da ke kansu ya hargitse, Windows kan ce kwandon ya lalace. Nawa faifan duka biyun ya sha.

A kula da wani abu: a Windows, ƙaramin filash da katin memori ba su da kwando. Abin da ka goge a kansu ya wuce kai tsaye, kamar ka danna Shift da Delete tare. Saboda haka in ka ga folda mai suna RECYCLER a filash ɗinka, ka yi zargi. Tsutsar kwamfutar nan Conficker, wadda ta ɓulla a Nuwamban 2008, tana ɓoye kanta a folda mai wannan suna a kan filash don ta yi kama da kayan Windows. Amma .Trashes da .Trash-1000 ba cuta ba ne, kwandunan Mac da Linux ne, alamar filash ɗin ya taɓa shiga can.

Fayil mai taurin kai

Dalilai huɗu ne suka fi hana fayil goguwa, kuma kowanne yana da shekarar haihuwarsa.

Na farko, haramtattun sunaye. A tsarin CP/M da Gary Kildall ya rubuta a 1974, ana kiran na'urori da gajerun sunaye kamar fayiloli ne. DOS ta ɗauki wannan salo: CON na nufin allo da madannai, PRN na nufin firinta, AUX na nufin wata ƙofar jona na'ura, NUL kuma rami ne da ke haɗiye duk abin da aka zuba masa. Akwai kuma COM1 zuwa COM9 da LPT1 zuwa LPT9. DOS ta farko ba ta da foldoji ma, don haka sunayen suka zama haramtattu a ko'ina, kuma Windows ta gaji dokar don kada tsofaffin manhajoji su daina aiki. Linux ba ruwanta da wannan doka. Abokin aikina ya sa wa foldarsa aux ne don a ciki yake tara ƙarin awo. Ni kuma duk sanda na ce a goge ta, Windows na ɗauka da wata ƙofar na'ura ta zamanin da nake magana. Sunan da ya ƙare da ɗigo ko da fili shi ma yana jawo irin wannan rikici.

Na biyu, tsawon adireshi. Tsofaffin hanyoyin Windows ba sa karɓar adireshin fayil da ya wuce haruffa 260, tun daga harafin faifai har ƙarshen suna. Shi kansa tsarin NTFS yana iya ɗaukar sama da haruffa 32,000. To in ka sa folda cikin folda cikin folda, kowacce da dogon suna irin "gyaran ƙarshe na ƙarshe bayan ganin malam", fayil zai iya zama a can ƙasa inda faifai ya san da shi amma manhajar duba fayiloli ba ta iya kai hannu. A 2016 Microsoft ta ba da damar cire wannan iyaka a Windows 10, sai dai ba kowace manhaja ce ta bi ba.

Na uku, wani na riƙe da fayil ɗin. Tun tsakiyar shekarun 1980, da aka fara haɗa kwamfutocin DOS suna amfani da fayil ɗaya, aka shigo da tsarin kulle. A Windows, manhajar da ta buɗe fayil ita ke faɗin ko ta yarda wani ya karanta, ya rubuta ko ya goge shi. In ba ta yarda ba, ko kai ne mai kwamfutar sai ka jira. Sau da yawa ma ba ka ganin mai riƙon: manhajar kashe bairos ce, ko mai aika fayiloli intanet, ko ɓangaren da ke nuna ɗan hoton abin da ke cikin fayil. Unix ta bi wata hanya, tana cire sunan nan take, bayanan kuma su tafi idan mai riƙon ya saki.

Na huɗu, izini. NTFS ta zo da Windows NT a 1993, kuma a cikinta kowane fayil yana da mai shi da jerin waɗanda aka yarda su taɓa shi. Daga Vista, muhimman fayilolin Windows sun koma mallakar wani asusu mai suna TrustedInstaller, ta yadda ko admin ba ya goge su kai tsaye. Wannan ba lalacewa ba ce, kariya ce. Fayil ɗin da ke cikin foldar Windows in ya ƙi goguwa, rabu da shi.

Gyara, bi da bi

Shawarar da za ka fara cin karo da ita a intanet ita ce ka goge foldar kwandon gaba ɗaya, Windows za ta ƙirƙiro sabuwa. Gaskiya ne, tana aiki. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne tana tafiya da duk abin da ke kwandon wannan faifai, har da na sauran masu amfani da kwamfutar. Da na bi ta a ranar farko, da jadawalina ya tafi.

Don haka a fara da kwashe kaya. Ni na kai faifan wurin abokin nan mai Linux, inda $Recycle.Bin folda ce kamar kowace folda. Muka shiga, muka nemi fayilolin $R masu ƙarewa da xlsx, don sauya sunan ba ya taɓa wannan wutsiya. A na uku da muka buɗe na ga jadawalina. Muka kwafe shi, tare da duk sauran aikin, zuwa wani faifai. A nan ne kuma ya sauya wa aux suna cikin daƙiƙa ɗaya.

Bayan kwafi, sai a duba lafiyar faifan. A buɗe Command Prompt a matsayin admin a rubuta:

chkdsk E: /f

E ɗin nan harafin faifaina ne, kowa ya sa nasa. In an gama, sai a share tsohon kwandon:

rd /s /q E:\$Recycle.Bin

A Command Prompt za a rubuta wannan, ba a PowerShell ba, don can alamar dala tana da wata ma'ana. A kuma karanta layin sau biyu kafin a danna, domin /s na nufin a haɗa da duk abin da ke ciki, /q kuma na nufin kada a tambaye ka. Fili guda ɗaya in ya shiga bayan E:\ zai iya sa umarnin ya auka wa faifan gaba ɗaya.

Ga fayil mai haramtaccen suna ko dogon adireshi, ana sa \\?\ a gaban cikakken adireshinsa, wanda ke gaya wa Windows ta miƙa sunan yadda yake ba tare da tsohuwar tantancewar DOS ba. Misali:

rd /s "\\?\E:\bincike\aux"

Dogon adireshi kuma sau da yawa gajarta sunayen foldojin sama ya wadatar. Ga fayil ɗin da ake riƙe da shi, a rufe manhajoji ko a sake kunna kwamfuta. In ya ƙi, Resource Monitor na nuna wace manhaja ce ke riƙe da shi, haka ma Process Explorer da Mark Russinovich ya rubuta. In kuwa saƙon lalacewa ya ci gaba da dawowa bayan duk wannan, ko faifan ya fara ƙara ko jinkiri, to matsalar ta wuce kwando. Faifan ne ke ban kwana, a nemi wani.

Ɗaya gefen matsalar

Fayil mai ƙin goguwa yana ba da haushi, amma wanda ka zaci ya gogu alhali yana nan ya fi haɗari. A 2003 wasu ɗaliban bincike biyu a jami'ar MIT, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, suka wallafa abin da suka samu bayan sayen tsofaffin faifai 158 a kasuwar gwanjo. Guda 129 na aiki, kuma 12 kacal aka share yadda ya kamata. A sauran sun tarar da bayanan asibiti, wasiƙu, da lambobin katin banki sama da 5,000. Dalilin shi ne dai na 1981: an soke suna a rajista, kaya na ɗaki. Duk mai shirin sayar da kwamfutarsa ko ba da ita kyauta ya san cewa zubar da kwando bai isa ba. Windows na da zaɓin mayar da kwamfuta sabuwa tare da share faifan, shi ya kamata a bi.

Sababbin faifai na SSD sun juya lissafin. Tun Windows 7 a 2009, in ka zubar da kwando ana aika wa SSD umarnin TRIM, shi kuma ya share wuraren da kansa ba da jimawa ba. A irin wannan kwamfuta, dabarar Peter Norton da wuya ta yi aiki. A filash da katin memori kuwa har yanzu akwai fata: in ka goge abu bisa kuskure, cire shi nan take, kada ka sa komai a kai, sannan ka gwada manhaja irin PhotoRec.

Babin nawa ya shiga a kan lokaci. Yanzu bayanan gwajina suna wuri uku, kuma na daina ajiye abin da nake so a kwando da sunan zan dawo in ɗauka. Wanda ya kunna Storage Sense a Windows ma ya duba saitinsa, don yana iya zubar da abin da ya kwana 30 a kwando ba tare da ya tambaye shi ba.